GANAU KO JIYAU? AWON MAJIYAR LABARI A MUHAWARAR INTANET

(Laccar da wani ɗalibin aji uku a sashen nazarin tarihi ya gabatar a taron ƙara wa juna ilimi na ƙungiyar ɗalibai.)



Kafin in ce kome, wajibi ne in gode wa ƙungiya saboda wannan dama da ta ba ni, in kuma nemi afuwar malamaina da ke zaune a nan, domin ɗalibi ya tsaya yana lacca a gabansu tamkar ɗan koyo ne ya ɗauki guduma a gaban sarkin maƙera. Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne, batun da aka ɗora mini ya taɓa ni a jika har sau biyu: sau ɗaya ina yaro aka yi mini, sau ɗaya kuwa da girmana ni na yi wa wasu. Batun kuwa shi ne yadda mutum zai rarrabe majiyar da za a dogara da ita da wadda ba ta cancanci haka ba, a cikin gardandamin nan da muke tafkawa dare da rana a Facebook da WhatsApp da X da TikTok.

Asubahin Gishiri

A ran 20 ga Yuli 2014 wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin sama na Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, bayan kwana biyar ya rasu. Tsoro ya game ƙasa, har mutane suka riƙa ɗari-ɗari da musafaha. A lokacin ina da shekara 11. Ran Juma'a 8 ga Agusta, tun kafin kiran assalatu, mahaifiyarmu ta tashe mu, ta jera mu a tsakar gida, ga bokiti cike da ruwan ɗumi an narka gishiri a ciki. Aka yi wa kowa wanka da shi, aka kuma ce kowa ya kurɓa, wai shi ne rigakafin cutar, kuma tilas a yi kafin rana ta fito. Mu yara muka ɗan tsotsa muka tofar. Kakarmu kuwa, wadda take fama da hawan jini, ta shanye moɗa guda don ta nuna mana abin ba wuya. Kafin azahar an ɗauke ta zuwa asibiti, inda ta kwana uku. Allah ya sa da sauran shan ruwanta a gaba.

Mahaifinmu mutum ne mai taka-tsantsan ƙwarai. Da a kasuwa ya ji wannan zance, da dariya zai yi ya wuce. Amma wanda ya bugo masa waya da ƙarfe uku na dare yayanmu ne, wanda yake jami'a a lokacin. Ɗan jami'a kuwa, a ganin gidanmu, ba ya faɗin abin da bai sani ba. Da na girma na tambayi Yaya inda ya samo labarin. Ya ce abokin ɗakinsa ne ya tashe shi. Shi abokin kuma wata 'yar'uwarsa ce ta aiko masa, ita kuma ta gani ne a wani saƙo da ba suna, ba sa hannu. Daga nan igiya ta tsinke. Duk jerin nan babu ganau ko ɗaya, kowa jiyau ne.

Ga kuwa yadda lissafi ya tsaya daga baya. Mutum 20 Ebola ta kama a Nijeriya, 8 suka rasu, kuma dukansu a Legas da Fatakwal. Ran 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa ƙasar ta rabu da cutar. Ebola ba ta tako Arewa ba. Gishiri kuwa a dare ɗaya ya shiga gidaje ba adadi, jaridu suka ba da rahoton mutuwar mutum biyu aƙalla, da kwantar da kimanin 20 a asibiti.

'Yan'uwana, na kawo wannan labari ne don mu tuna da matsayinmu. Yau mu ne Yaya. Duk abin da ya fito daga wayarmu ya isa gida, da hatimin jami'a yake isa. Wanda ya karɓa bai san wanda ya ƙaga shi ba, mu ya sani, kuma da mutuncinmu yake auna shi.

Ma'aunin da Muka Gada

Wani zai ce ai wannan matsala sabuwa ce, intanet ya kawo ta, saboda haka sai mu jira Turawa su kawo mana maganinta. Ko kusa. Saurin yaɗuwar ne sabo, amma ita ƙarya tsohuwa ce, kuma ma'auninta ma tsoho ne. Yawancinmu mun zauna a gaban malaman zaure ko na Islamiyya, mun ji yadda masana Hadisi suka raba kowace ruwaya kashi biyu: isnadi, watau jerin mutanen da suka miƙo maganar daga baki zuwa baki, da matani, watau ita kanta maganar. Ba su karɓi ruwaya don ta yi musu daɗi ba. Sai sun bi jerin nan mutum-mutum suna tambaya: wane ne wannan? An san shi da gaskiya? Yana da kiyayewa, ko mai mantuwa ne? Yaushe aka haife shi, yaushe ya rasu, ya kuwa riski wanda ya ce ya ji daga bakinsa? Imamu Bukhari, wanda aka haifa a 810 ya rasu a 870, an ruwaito cewa shekara 16 ya yi yana wannan tankaɗe da rairaya, daga ruwayoyi kimanin 600,000 ya tsamo 'yan dubbai kaɗan. Mutanen nan bisa raƙumi da ƙafa suka yi ta keta ƙasashe don tabbatar da jimla ɗaya. Mu kuwa ga duniya a tafin hannunmu, amma minti biyar na bincike ya gagare mu.

Ba ina nufin labarin siyasa ko na ƙwallo daidai yake da Hadisi a daraja ba. Hanyar awon nake so mu ara. Daga cikinta, da kuma abin da malamanmu na tarihi suke koya mana, na tsamo tambayoyi biyar waɗanda ya kamata mutum ya yi wa kowane labari kafin ya ɗora shi a kan faifan muhawara.

Tambaya ta Farko: Wa Ya Faɗa, a Ina Kuma Aka Rubuta?

A nan zan tona asirin kaina. Ina aji ɗaya, gardama ta kaure a zauren WhatsApp na ajinmu game da ilimin boko da harsunanmu na gado. Ni ina ɓangaren masu cewa da gangan 'yan mulkin mallaka suka karya iliminmu. Sai na tuna da wani hoto da na daɗe da adanawa a waya, mai ɗauke da wani jawabi da aka ce wani Bature, Thomas Macaulay, ya yi a gaban Majalisar Dokokin Ingila ran 2 ga Fabrairu 1835. Da yawanku kun taɓa ganinsa. A ciki an ce ya zaga Afirka gabas da yamma bai ga maroƙi ko ɓarawo ba, don haka ba za a iya mallakar mutanenta ba sai an rusa iliminsu da al'adunsu. Na jefa shi cikin zauren, na gyara zama ina jiran tafi. Tafi kuwa na samu, sai wata 'yar ajinmu ta rubuto tambaya guda: a wane littafi yake?

Na ji haushi, na ce a raina wannan neman kare Turawa take yi. Na tafi neman hujjar da zan rufe mata baki, na kwana uku ina nema, ga abin da na tarar. A ran 2 ga Fabrairu 1835 Macaulay ba ya Ingila, ba kuma ɗan majalisa ba ne. Ya ajiye kujerarsa tun 1834 ya tafi Indiya aiki, bai komo ba sai 1838. Mutumin da ke Kalkata ba zai yi jawabi a Landan ba, a zamanin da tafiyar take cin watanni a jirgin ruwa. Na kuma gane cewa wannan jawabi ya daɗe yana yawo da sunan Indiya a ciki, daga baya wani ya goge Indiya ya sa Afirka. Da ma na yi amfani da ɗan abin da na sani na tarihin gida, da tun farko na yi shakka. Clapperton ya iso Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa ya mutu a can a 1827. Barth bai shigo Kano ba sai 1851. A 1835 Turawa lalube suke yi a cikin nahiyar nan, wane ne a cikinsu ya zaga ta gabas da yamma?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan. Akwai takardar gaskiya da Macaulay ya rubuta mai ɗauke da wannan kwanan wata, a kan tsarin ilimi a Indiya, kuma tana nan kowa na iya karantawa. A cikinta bai yabi kowa ba. Ya fifita littattafan Turai 'yan kaɗan a kan dukan abin da aka rubuta a Indiya da ƙasashen Larabawa, ya kuma nemi a tarbiyyantar da wani rukuni na Indiyawa masu tunani irin na Ingilishi don su zama tafintoci tsakanin masu mulki da talakawa. Watau hujjar gaskiya tana nan, ta ma fi ta jabun kaifi, amma ni na bar takobi na ɗauki sillen kara. Na koma zauren na ce na yi kuskure. Sai dai kafin nan abokaina sun riga sun tura hoton wurare da dama, magana kuwa zarar bunu ce.

Darasin shi ne, hoton rubutu ba hujja ba ne. Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, ya liƙa hoton wani dattijo a gefe, ya sa shekara. In an ce wane ya ce, a tambayi littafin, da shafin, ko jaridar da ranar fitowarta, ko cikakken faifan jawabin. Wanda ya kasa kawowa, maganarsa ta zama "an ce", shi kuwa "an ce" ba a kafa shi shaida ko a gaban mai unguwa.

Tambaya ta Biyu: Yaushe, Kuma a Wane Wuri?

Mukan ce gani ya kori ji. Wannan karin magana an yi ta ne a zamanin da mutum yake gani da idonsa a inda abin ya faru. Wanda ya ga hoto a waya bai zama ganau ba tukuna, domin hoton ba ya faɗin ranar da aka ɗauke shi ko garin da aka ɗauke shi. Rubutun da ke ƙarƙashinsa ne ke faɗi, rubutun kuwa wani ne ya sa.

A ran 23 ga Yuni 2018 aka kai mummunan hari a ƙauyukan gundumar Gashish ta ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato. Harin gaskiya ne, 'yan sanda sun tabbatar da mutuwar mutum 86. Amma tun ana cikin abin wasu hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook da sunan daga can suke. Binciken da sashen Africa Eye na BBC ya fitar a watan Nuwamba na wannan shekara ya nuna cewa hoton wani jariri da aka sassara ya riga ya bayyana watanni kafin harin, bidiyon wani mutum da aka fasa wa kai kuwa ba ma a Nijeriya aka ɗauke shi ba, a Kwango Barazabil ne, tun 2012. Kashegari matasa suka tare hanya, aka fizgo mutum 11 daga cikin motoci aka kashe, matafiya waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Duk wanda ya tura waɗannan hotuna yana ganin taimakon 'yan'uwansa yake yi. Wannan cuta kuwa ba ta san ƙabila ko addini ba, tana iya kama kowannenmu ranar da ransa ya ɓaci.

Alhali gane tsohon hoto ba wani aiki ne mai wuya ba. Akwai manhajoji irin su Google Lens da TinEye, waɗanda in ka ba su hoto za su nuna maka wuraren da ya taɓa fitowa. In ka tarar abin da aka ce jiya ya faru yana nan tun shekara biyar da suka wuce, magana ta ƙare. Ko ba manhaja ma, ido yana aiki. A dubi lambar motoci, da kayan 'yan sanda, da rubutun allunan shaguna, da harshen da ake yi a bidiyon. In an ce abu ya faru a Gusau a watan Maris, ga kuwa gero ya kai ƙugu a bayan mutanen, ai ɗan manomi ba ya bukatar kwamfuta.

Tambaya ta Uku: Abin Nan Zai Yiwu Kuwa?

Wani lokaci ba za ka iya bin sawun labari har tushensa ba. To, sai ka koma kan matani, ka auna maganar da hankali da abin da aka sani na yadda duniya take gudana. Babban malamin wannan fanni shi ne Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406. A cikin Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377, ya kawo wani labari da masanin tarihi Mas'udi ya ruwaito, cewa sa'ad da Iskandar yake gina birnin Iskandariyya dodannin ruwa sun hana shi aiki, sai ya shiga akwatin gilashi ya nutse ƙarƙashin teku ya zano siffofinsu, aka ƙera gumaka irinsu, dodannin suka gani suka gudu. Ibnu Khaldun bai tsaya binciken waɗanda suka ruwaito ba. Cewa ya yi sarki mai hankali ba zai jefa kansa cikin irin wannan kasada ya bar mulkinsa ba, sa'an nan wanda aka rufe a akwati ƙarƙashin ruwa iska za ta ƙare masa ya halaka. Da wannan ya yi watsi da labarin, duk da girman mai ruwaitowa.

Da Yayanmu ya yi wannan tambaya a daren nan, da kakarmu ba ta kwanta asibiti ba. In da gishirin miya yana maganin Ebola, yaya za a yi dubban mutane su mutu a Gini da Saliyo da Laberiya, ƙasashen da suke bakin teku? Haka nan saƙonnin da ke cewa wani kamfani yana raba kuɗi ko data kyauta ga duk wanda ya tura wa mutum ashirin, ko alƙaluman da ake jefowa a gardamar siyasa waɗanda in ka lissafa sai ka ga sun fi kasafin kuɗin jihar gaba ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sau da yawa lissafin firamare ya isa ya kai ka ƙarshensa.

Tambaya ta Huɗu: Mene Ne Ribar Mai Faɗa?

Babu majiyar da ba ta da mai ita. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jita, irin wadda ta bazu a lokacin cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Ta yi wa Hausa da Hausawa aikin da ba a mantawa. Duk da haka ɗalibin tarihi in ya buɗe tsofaffin kofenta ba ya manta cewa hukumar mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma a kan yaƙin Hitila ta bakin Ingila take kallon duniya. Sanin haka ba ya sa a jefar da ita, sai dai ya nuna inda za a karanta ta da lura.

Haka za mu yi wa kowace kafa ta yau. Gidan rediyon gwamnati, da jaridar ɗan siyasa, da tashar ƙasar waje, kowanne da inda yake karkata. Amma akwai bambanci babba tsakanin kafar da take da adireshi da edita, wadda in ta yi ƙarya za a iya kai ta kotu, in ta yi kuskure takan fito ta gyara, da shafin da ba a san mai shi ba, wanda abincinsa yawan masu kallo ne. Shi wannan na biyu, duk abin da zai tayar maka da hankali riba ce a gare shi.

Kada kuma ado ya ruɗe mu. Shuɗiyar alamar nan ta X a da shaida ce cewa an tantance mai shafin, amma tun ƙarshen 2022 ta zama abin saye. Yawan mabiya ba ilimi ba ne. Shafuka goma su kawo labari ɗaya da kalmomi iri ɗaya ba shaidu goma ba ne, shaida ɗaya ne aka kwafa sau tara. Likitan dabbobi malami ne a fanninsa, amma in ya shiga fassara tsarin mulki ɗaya yake da ni da ku. Wikipedia wurin fara bincike ne, kowa na iya gyara ta, don haka a gangara ƙasa a duba inda ta samo. Na'urorin nan masu ƙirƙirarriyar basira kuwa, waɗanda da yawanmu muke tambaya kamar malamai, sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shafi, su faɗa da cikakkiyar natsuwa. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga musu, waɗanda ba a taɓa yin su ba. In lauyoyi sun faɗa wannan rami, ɗalibi mai rubuta kundin kammala digiri sai ya yi hattara.

Akwai kuma masu taimako. Dubawa, wadda aka kafa a ƙasar nan a 2018, da Africa Check, wadda ta fara aiki a Afirka ta Kudu a 2012, aikinsu ke nan bin diddigin irin waɗannan labarai. Abin da ya sa na yarda da aikinsu shi ne sukan nuna hanyar da suka bi, yadda kai ma za ka iya bi ka gani.

Tambaya ta Biyar: Don Me Nake So Ya Zama Gaskiya?

Wannan ita ce mafi wuya, domin kanka za ka yi wa ita. Da Ibnu Khaldun ya zo lissafa dalilan da ke sa ƙarya ta shiga tarihi, son rai da ɓangaranci ya sa a farko. Ya lura cewa zuciya in tana tsaka-tsaki takan tsaya ta auna labari, amma in ta riga ta karkata, da zarar ta ji abin da ya dace da ra'ayinta sai ta karɓa ba bincike. Ni shaida ne. Da jawabin nan na jabu yabon mulkin mallaka ya ƙunsa, da tun ranar farko na bi diddiginsa na tona shi. Da yake ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, shekara biyu yana cikin wayata ban taɓa tambayarsa daga ina ya fito ba.

Saboda haka na ɗaukar wa kaina wata ƙa'ida, ina kuma tallata muku ita. Labarin da ya fi faranta mini rai, ko ya fi fusata ni a kan mutanen da da ma ba na so, shi zan fi tsananta wa bincike. In na ji yatsana yana rawa yana son turawa nan take, sai in ajiye wayar in tashi in sha ruwa. In kuwa saƙo ya zo yana cewa a yaɗa da gaggawa kafin a goge, wannan gaggawar ita kanta alama ce. Mai gaskiya ba ya tsoron ka kwana ka yi tunani. Su kansu masu WhatsApp sun san haka, shi ya sa a 2019 suka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, suka kuma sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya sha yawo. Kibiyoyin nan suna gaya maka cewa wanda ya aiko maka ba shi ya rubuta ba, kuma da wuya ya san wanda ya rubuta.

Ladabin Gardama

Malam Shugaba, kafin in zauna bari in ce wani abu game da ita kanta muhawarar. Tambayar hujja ba zagi ba ce. 'Yar ajinmu da ta tambaye ni littafi ta fi masu yi mini tafi ƙaunata, domin su sun bar ni in ci gaba da yawo tsirara, ita kuwa ta miƙo mini riga. Idan abokin gardamarka ya kawo abin da ka gane jabu ne, nuna masa inda ka gano, cikin mutunci, in da hali ma a keɓe, domin wanda aka kunyata a bainar jama'a kare kansa zai shiga yi. Idan dattijo ne ya turo a zauren dangi, ka san yadda ake yi wa babba magana: ka bi shi gefe ka ce, Baba, na duba abin nan, ga abin da na samu. Idan kuma kai ne ka yi kuskure, ka koma daidai inda ka faɗa ka janye, da murya daidai da wadda ka faɗa da ita. Rubuta "kamar yadda aka turo mini" a ƙarƙashin saƙo ba ya wanke kowa. Wanda ya ɗauko garwashi daga gidan wani ya kawo rumbun maƙwabci ba zai ce ba shi ya hura wutar ba.

Kada kuma mu faɗa ɗaya ramin, watau mu ce tunda ƙarya ta yi yawa, to, kowa maƙaryaci ne, ba mu yarda da likita ko jarida ko malami ba. Wannan ma lalaci ne, ya sake riga kawai. Masana Hadisi ba su ce duk ruwaya ƙarya ce ba. Sun yi mata daraja-daraja, wannan ingantacciya, wannan mai kyau, wannan mai rauni, wannan ƙagaggiya. Aikin mai ilimi ke nan, ya san nauyin kowace magana, ya kuma iya cewa ban tabbatar ba tukuna ba tare da jin kunya ba.

Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi, wasu sun ci bashi, don mu zo nan. Ba su taɓa shiga laburare ba, amma sun yi imani cewa mu muna shiga. Ranar da wata annoba ko wata fitina ta sake tasowa, Allah ya kiyaye, wayarmu za su jira da tsakar dare. Ina roƙon kowannenmu ya shirya wa wannan rana tun yanzu, ya saba wa kansa da tambayar wa ya faɗa, yaushe, a ina, zai yiwu, mene ne ribarsa, don me kuma nake so in yarda.

Daga ƙarshe, asubahin gishiri da gardamar ajinmu su kaɗai na gani da idona. Duk sauran abin da na kawo muku, ni ma jiyau ne. Na ba ku sunaye da ranaku da shekaru da gangan, don ku je ku duba. Wanda ya samu kuskure ya same ni a sashenmu, zan gode masa, zan kuma nemi editan mujallarmu ya buga gyaran.